Sa'idu Mai Dashe da Ɗakin Inna Rekiya

Duk wanda ya saba bin hanyar Zobe daga Dutsin-Ma ya san rumfar Malam Sa'idu Mai Dashe, ko da bai san sunan mai ita ba. Tana nan a bakin hanya, gabanta jere da baƙaƙen ledoji cike da ƙasa, kowace da ɗan tsiron mangwaro ko gwaiba ko lemo a ciki. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi: ya reni itace, ya yi masa aure da reshen wani itacen, ya sayar wa masu lambu. Dogo ne siriri, yawan sunkuyo ya sa masa ɗan doro, kuma ba ya da yawan magana sai in an taɓo zancen itatuwa.

Amma ba a Dutsin-Ma aka yanke masa cibiya ba. Ɗan Gidan Ɗorawa ne, wani ɗan ƙauye a bayan Rawayau cikin ƙasar Kurfi. Can mahaifinsa, Malam Ashafa, ya yi noma har ya koma ga Allah, can kuma ya bar matarsa Rekiya a ɗakin da ya gina mata da hannunsa tun tana amarya. Ɗakin ƙasa ne mai rufin azara, da ƙyauren katako mai nauyi wanda kukansa ke sanar da duk gidan cewa Inna ta fito. A bayansa ta shuka lalle da zogale da rama. In ta tsaya a ƙofar gida, tana hango itatuwan maƙabartar da mijinta yake kwance.

Sa'idu shi ne ɗanta na fari, don haka bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Yana yaro ta kan ce “wannan yaron”, da ya girma ya koma “na birni”. Hakanan sunan mijinta, har ya mutu ba ta furta shi ba.

Da 'yan bindiga suka fara matsa wa ƙauyukan yankin, sai mutane suka shiga watsewa. Yau a ji gidan wane sun koma Kurfi, gobe a ji na wane sun yi Katsina. Sa'idu ya yi ta sintiri a kan mashin yana roƙon tsohuwa ta biyo shi Dutsin-Ma. Ya gyara mata ɗaki, ya sa fanka, ya kawo manya su sa baki. Amsarta ba ta canza ba.

“Kowa ya bar gida, gida ya bar shi,” in ji ta. “Nan aka kawo ni aka aje, daga nan za a ɗauke ni.”

Dole ƙaninsa Labaran ya aika iyalinsa Kurfi, shi ya zauna da ita.

Ana cikin wannan hali sai ga zancen tafiya Ingila. Babbar 'yar Sa'idu, Halimatussa'adiya, wadda ake kira Sadiya, tana auren wani malamin jami'a mai suna Khalil. Ya tafi can ƙaro ilimi da iyalinsa, ya gama, za a yi bikin ba shi shaida, suka dage sai Baba ya zo. Sa'idu ya ƙi. Damina ce, gero ya kai gwiwa, ga kuma tsohuwa a bakin daji. Inna Rekiya ce da kanta ta kashe maganar ranar da ya je mata da ita.

“Tahi ka ga jikokinka,” ta ce, tana kallon Labaran kamar da shi take. “Ni ina za ni? Zai dawo ya iske ni inda ya bar ni.”

Haka Sa'idu Mai Dashe, wanda bai taɓa wuce Kaduna ba, ya hau jirgin sama. Birnin da su Sadiya suke bai burge shi ba: gidaje manne da juna, kowa na sauri, rana kuma ba ta faɗuwa sai mutum ya gaji da jiranta. Khalil ya lura surukinsa ba ya sakin jiki, sai wata Asabar ya ce, “Baba, yau ƙauye za mu kai ka. Su ma suna da nasu ƙauyukan, kuma akwai lambuna.”

Suka kama hanya a mota, shi da Khalil da Sadiya da yara. Tun da suka bar babban titi Sa'idu ya manne da taga. Hanyar ta tsuke, shingen itatuwa dama da hagu an aske su ƙwal kamar kan da ya fito daga hannun wanzami, ga tumaki farare masu gashi buzu-buzu suna kiwo a tuddai ba makiyayi ba sanda. Can suka gangara wani kwari, sai ga ƙauyen.

Abin da ya fara tsayar da shi rufin gidajen ne. Ciyawa ce. Ya fito daga mota ya ɗaga kai ya duba sosai don kada idonsa ya yaudare shi. Ciyawa ce tabbas, an jera ta da kauri an datse bakinta, ta rufo har kan tagogi kamar hula. Bangon kuwa na dutse ne mai launin zuma, wasu gidajen sun karkace don tsufa, ƙofofinsu gajeru, sai dogo irinsa ya sunkuya. Ƙorama ta ratsa tsakiyar garin, agwagi na iyo, mutane daga ƙasashe daban-daban suna tsaye a kan 'yar gada suna ɗaukar hoto.

“Malam Khalil, waɗannan mi suka zo gani?”

“Gidajen nan, Baba. Wasu sun yi shekaru ɗaruruwa. Mutum ba ya iya rushe su ko ya canza masu kama yadda ya ga dama, ko da nasa ne.”

Sa'idu ya sake duban gidajen. Ya tuna yadda yaran Gidan Ɗorawa suke jin kunyar a ce gidansu na ƙasa ne.

A bakin garin akwai wani babban lambu da ake shiga kallo. Nan ne ya manta da kansa. Ya ga itatuwan tuffa an shimfiɗe rassansu a jikin katanga kamar yatsun hannu, ya ga jerin furanni iri-iri da bai san sunansu ba, ƙudan zuma na ta shawagi. Ya durƙusa gindin wata tuffa ya shafa wurin da aka yi mata aure tun tana ƙarama, ya ji kumburin tabon a ƙarƙashin yatsansa, ya yi dariya shi kaɗai. A ƙarshen lambun suka iske wani tsohon ɗaki na katako da laka. Khalil ya karanta allon da ke gabansa, ya ce asalinsa ba nan yake ba, a wani gari aka gina shi. Da aka zo yin hanya ta wurin, sai aka kwance shi, gungume bayan gungume, aka kawo nan aka sake tayar da shi.

“Ɗaki sukutum?” in ji Sa'idu.

“Sukutum, Baba.”

Da suka fito, suka bi ta gaban wani ɗan gida mai shuɗiyar ƙofa, inda wata tsohuwar Baturiya take tsugune da safar hannu tana cire ciyawa a cikin furanninta. Ta ga yadda Sa'idu ya tsaya yana kallon shukar wakenta da ta hau sanduna, sai ta miƙe da ƙyar ta yi masu magana. Khalil ya zama tafinta. Ta ce a ɗakin sama na gidan nan aka haife ta, nan ta yi aure, mijinta yana kwance a bayan cocin can. 'Ya'yanta sun yi sun yi ta koma birni kusa da su, ta ce ba inda za ta.

“Ka ce mata ina da irinta a gida,” in ji Sa'idu.

Tsohuwar ta yi dariya har tana riƙe ƙugu. Ba su gama dariyar ba wayar da ke aljihunsa ta yi ƙara.

Labaran ne. Muryarsa na zuwa tana yankewa, bayansa kuma hayaniya, kukan yara da na awaki.

“Yaya... sun shiga Unguwar Lawal da safe... an aiko mana, an ce kowa ya fita kafin rana ta faɗi... kowa na tafiya, Yaya, Inna ta...”

Wayar ta mutu.

Sa'idu ya kira, ba ta shiga ba. Ya sake kira. Khalil ya gwada da tasa, Sadiya ta gwada da tata, duk shiru. Garin a kwari yake, sabis sai an yi sa'a. Tsohuwar ta ga fuskokinsu ta fahimci ba lafiya, ta nuna masu tudun da ke bayan cocin ta ce can sama waya tana kamawa.

Bai jira kowa ba. Ya tattare babbar rigarsa ya ruga, dattijo mai furfura yana gudu a tsakiyar masu yawon buɗe ido, ya ratsa ta gefen coci, ya haura wata 'yar katanga ta dutse, takalmi ɗaya ya maƙale a laka ya bar shi nan. Tumaki suka watse. Yana hawa yana danna waya, ƙirjinsa kamar zai tsage, bakinsa ba abin da yake fita sai “Ya Hayyu, ya Ƙayyumu”. Sai da ya kusa ƙololuwa sannan kiran ya shiga.

“Labaran! Ina Inna?”

“Tana ɗaki, Yaya. Ta shimfiɗa tabarma ta zauna, ta ce ko yatsanta ba mai taɓawa. Garin ya kusa zama wayam. Kamilu mai mashin kaɗai ya rage, shi ma don na riƙe mashi riga ne. Ya ce ba zai ƙara daɗewa ba.”

“Ba ta wayar.”

Ya ji kukan ƙyauren nan da ya sani tun yana rarrafe, sannan numfashinta.

“Inna, ni ne. Don girman Allah, don darajar Annabi, ki tashi ki bi Labaran. Kwana kaɗan ne, in ƙura ta lafa ni da kaina zan maido ki.”

“Haka aka ce ma mutanen gidan Atiku,” ta ce a hankali. “Sun dawo?”

“Inna, mutanen nan ba su san tsoho ba.”

“To su zo. Mi za su ɗauka wurina? Kwanan da ya rage mani?”

“In kin zauna, Labaran ba zai tahi ba. Shi za su kashe. Yana da ɗiya ƙanana, Inna.”

Ya ɗauka ya same ta. Sai ta ce, “Na sallame shi. Ya tahi, na yafe mashi. Ni ku bar ni kusa da ubanku.”

Ya roƙe ta da duk abin da ya sani. Ya haɗa ta da nonon da ta ba shi, ya haɗa ta da jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka binne mahaifinsa. Daga inda yake tsaye yana hango ƙauyen Turawan a ƙasa, hayaƙi na fita daga wani bututun rufi, mutane na zaune a bakin ƙorama suna shan shayi. A cikin kunnensa kuma Kamilu yana ta danna ham.

Labaran ya karɓi wayar. “Yaya, mi zan yi? Kai ne babba. Faɗa mani.”

Sa'idu ya rufe ido. “Ɗauke ta.”

“Yaya?”

“Na ce ka ɗauke ta! Ka aza ta bayan Kamilu, ka ɗaure ta da zane a jikinshi, kai ka zauna bayanta ka riƙe. In da zunubi, a wuyana. Kada ka kashe wayar.”

Bai kashe ba, don haka Sa'idu ya ji komai. Ya ji faɗuwar kwanoni, ya ji Labaran yana kuka yana cewa “Ki yi haƙuri, Inna, ki yi haƙuri”, ya ji sandarta ta bugi ƙyaure. Sannan ya ji muryarta ta tashi sama, da ƙarfin da bai san tana da sauransa ba.

“Sa'idu! Sa'idu ɗan Ashafa! Ni za ka sa a ɗaure kamar akuya?”

Sunaye biyun da ba ta taɓa furtawa ba, ta haɗa su a numfashi ɗaya. Mashin ya tashi, wayar ta yanke.

Khalil ya iske shi durƙushe a cikin ciyawa, ƙafa ɗaya ba takalmi, wayar a ƙasa. Wasu mata da miji masu yawo da kare sun tsaya nesa kaɗan suna tambaya ko a kira likita. Ya ƙi sauka daga tudun. Nan ya yi azahar, nan ya yi la'asar, yana tsoron in ya gangara kiran zai zo bai same shi ba. Hanyar Rawayau da damina ya san ta: laka, kwazazzabai, ga gero da dawa sun yi tsawon da za su ɓoye mutum da bindigarsa. Tsohuwar mai shuɗiyar ƙofa ta ba Sadiya shayi a gora da bargo ta hawo masa da su. Ya karɓa ya yi godiya, shayin ya huce a hannunsa.

Da yamma lis Labaran ya kira. Sun isa Kurfi. Inna lafiyarta lau, sai dai tun da aka kwance ta ba ta ce uffan ba.

Ba a samu canza masa tikiti ba, dole ya jira ranar da aka yanka tun farko. Ya halarci bikin Khalil, aka yi hotuna, a cikinsu duka yana tsaye kamar wanda aka kafa. Sadiya ta so a ƙara kai shi wani ƙauyen ko zai sake, ya ce ya ga abin da zai gani.

Da ya sauka Dutsin-Ma ya tarar an kawo Inna gidansa, tana ɗakin simintin nan mai fanka. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta. Ta juya fuska ga bango. Ya daɗe a durƙushe har ƙafafunsa suka yi sanyi, ba ta juyo ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, mutanen dajin ba su shiga Gidan Ɗorawa a ranar ba, ba su shiga a makon ba. Sai bayan an yi girbi suka zo suka ƙone rumbuna suka wuce. A wurin Inna kuwa hujja ce: an ɗaure ta a banza. Ba ta yi wa Sa'idu magana, sai dai ta matarsa Hassana. “Ki gaya ma mai gidanki ba na son fankar nan.” “Ki gaya ma mai gidanki ruwan garinsu gishiri gare shi.” Abinci sai ta ɗan taɓa ta ture. Ta rame har zoben azurfar da ke hannunta ya riƙa zamewa.

Wata safiya aka nemi Inna aka rasa. Sa'idu ya zagaye unguwa, ya shiga kasuwa, ya je tasha yana tambayar direbobi kamar mahaukaci. Can wani mai a-daidaita ya ce ya ga wata tsohuwa da sanda da ƙunshin kaya a ka ta miƙi hanyar Kurfi. Ya same ta zaune a gindin wata bishiyar bedi, numfashi ya ƙare mata, ƙafafunta sun yi furu-furu. Ba ta yi gardama ba da ya ɗora ta a mota, ba ta kuma dube shi ba. Bayan wannan ta sake fita, aka sake dawo da ita. Hassana ta ce a riƙa sa kwaɗo a ƙofar gida. Ya ce ya ɗaure ta sau ɗaya, ba zai kulle ta ba.

Ya kawo liman ya yi mata nasiha, ta saurara da ladabi ta ce Allah ya saka. Ya kawo ƙawarta ta ƙuruciya daga Kurfi, suka yini suna kuka tare. Ya bar zuwa rumfa, dashe ya bushe a leda, masu lambu suka koma wurin wasu. Ya ga dai tsohuwar nan mutuwa take yi a gabansa kaɗan-kaɗan, da fushinsa a zuciyarta, kuma shi ya jawo.

A cikin wannan ruɗu ne ɗakin nan na lambun Turawa ya faɗo masa a rai, wanda aka kwance aka kai wani gari. Ya sami Labaran da maganar.

“Yaya, ka san abin da kake faɗi kuwa? Ko masu zuwa ɗebo hatsi sun daina shiga.”

“In ba za ka ba, ni za ni.”

Direbobi uku suka ƙi. Daga ƙarshe Kamilu ya samo aron babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, suka shiga su uku da hantsi, da rani, lokacin da gonaki suka zama fili ana hango nesa. Gidan Ɗorawa ya zama kufai. Rumbuna sun zama baƙaƙen da'irori a ƙasa, ciyawa ta bushe a tsakar gidaje, ba kaza ba kare. Ɗakin Inna kuwa ruwan ƙarshen damina ya cinye masa kusurwa ɗaya, saboda ba wanda ya share indararo, rufin ya rufta ta wannan gefen. Lallen da ke baya ne kawai ya yi kore shar, kamar bai san abin da ya faru ba.

Suka hau aiki. Suka ɓalle ƙyauren, suka shiga zare azara ɗaya-ɗaya, ƙasa na zubo masu a ka. Sa'idu ya sari rassan lalle ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Yana shirin ya taka zuwa maƙabarta ya yi wa mahaifinsa addu'a, sai Kamilu ya ɗaga hannu. Daga yamma, can nesa, ƙarar mashina ce, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

“Ku hau! Ku hau!”

Sa'idu ya koma ya rungumo wata azarar, Labaran ya fizgo shi ta wuyan riga har ta yage. Suka bar rabin itacen a zube. Babur ɗin na tangal-tangal a kwazazzabai, ƙyauren na dukan ƙafar Labaran har ya fasa masa ƙauri, ba wanda ya waiwaya sai da suka hango rufin kwanon Rawayau. Har yau ba su san ko su wane ne a kan mashinan nan ba.

Gidan Sa'idu na Dutsin-Ma ba shi da fili, sai inda wata babbar bishiyar mangwaro take, wadda daga jikinta yake yankan rassan da yake aura wa dashensa tun farkon sana'arsa. Ya sa gatari ya sare ta. Ya nemo wani tsohon magini daga Kurfi, aka kwaɓa ƙasa da ciyawa, aka yi tubali, aka tayar da ɗaki daidai faɗin wancan, ƙofa na kallon inda waccan take kallo. Azarar ba ta isa ba, aka cika da sabuwa. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna cewa wanda ya je Ingila ya dawo yana ginin ƙasa. Ya kafa lallen a baya, yana ba shi ruwa safe da yamma.

Inna na ganin komai daga ƙofar ɗakinta, ba ta tanka ba. Ranar da aka rataya ƙyauren, aka tura shi ya yi kukansa, Hassana ta ce ta ga kafaɗun tsohuwa sun motsa. Amma ba ta shiga ba. Ɗakin ya bushe, aka share, aka shimfiɗa tabarma, ya zauna haka nan wata da watanni. Sa'idu ya daina ma kallon wajen.

Sai da bazara ta kai bazara, ɗakin kwano ya zama tanda, wuta kuma ba ta zuwa balle fanka ta juya. Wata rana da azahar Hassana ta kai mata kunu ba ta same ta ba. Ta ɗauka an sake fita. Sai ta ga sanda jingine a bakin ɗakin ƙasa. Inna na ciki, ta yi matashi da hannunta, tana barci.

Ba ta sake komawa ɗakin siminti ba, ba ta kuma ce komai game da sabon ba. Ta ɗan fara cin abinci. Wata safiya Sa'idu ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta kamar kullum, yana shirin tashi, sai ya ji ta ce, tana kallon rufi, “Indararon nan ya yi gajere. In ruwa ya sauka zai ci gindin bango.”

Ba ta Hassana ta bi ba. Kafin azahar ya canza indararon.

Daga nan magana ta ɗan riƙa shiga tsakaninsu, gajera-gajera, ta ruwa da itace da lafiyar yara. Zancen ɗaurin nan kuwa ba wanda ya tayar. Ta ga damina ɗaya a ɗakin, ta biyu na kamawa ciwo ya kwantar da ita. Da ya ga jikin ya yi nisa, ya zauna a gefen tabarmarta ya ce, “Inna, ki yafe mani.”

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, “Ku kai ni kusa da shi.”

Ta cika da safe. Sa'idu ya fita ƙofar gida inda maza suka taru, ya ce a Gidan Ɗorawa za a binne ta. Ya bi su ɗaya-ɗaya. Ya kama hannun Kamilu, Kamilu ya sunkuyar da kai ya ce gero ya yi tsawo, ko sojoji ba su shiga yanzu. Ya ce to a ba shi mota shi kaɗai, zai tuƙa gawar, zai haƙa da hannunsa. Labaran ya rungume shi ta baya yana kuka. Liman ya matso ya dafa kafaɗarsa.

“Malam Sa'idu, ƙasa duk ta Allah ce. Ba za mu kai gawa ɗaya mu dawo da biyar ba. Kada ka jinkirta mata.”

A maƙabartar Dutsin-Ma aka sa ta, cikin mutanen da ba ta sani ba. Shi ya shiga ramin ya karɓe ta. Ya ce ba ta fi nauyin ɗan dashe ba.

Bayan an share makoki ya koma rumfarsa a hanyar Zobe, ya fara daga farko, yana roƙon rassan aure a lambunan mutanen da shi ya sayar masu da itatuwan. Ba a daɗe ba wani abokin cinikinsa ya zo masa da magana: an tashi ƙauyensu, ya rasa inda zai sa gwaggonsa makauniya, tana kwana a barandar wata makaranta. Sa'idu ya ce a kawo ta. Ita ce a ɗakin ƙasa yanzu. Sunanta Jannat, kuma kullum da safe in ya zo gaishe ta sai ta tambaye shi ko an ce hanyar garinsu ta buɗe.